Tambayi Kawu: Tsofaffin kaset ɗin rap da ke cikin adaka, yaya za a yi da su?

Assalamu alaikum jama'ar zango. A fitowar baya na ce duk wanda ke da tsohon kaset na rap a ɗaki kar ya kuskura ya zubar, toh ashe na tsokano tsuliyar dodo, saƙonni suka dinga shigowa daga Nima, Madina, Alajo, har Ashaiman. Na tsamo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Yayana yana Bronx tun ina ƙaramin yaro, lokacin duk wanda zai zo gida sai ya bashi kaset ya kawo mana, toh satin nan muna gyaran ɗakin tsohuwarmu na buɗe wata adaka na tarar da su a jere sunfi 60, wasu an rubuta Red Alert da biro, wasu Stretch & Bobbito, akwai Kid Capri da Ron G ma. Inaso in maida su cikin waya kafin su mutu. Naga wata 'yar na'ura a Circle, wajen masu sayar da waya a Accra, kamar wokman amma mai USB, kuɗinta ba yawa, in saya? Daga wani ɗanka a Nima.

AMSA: Ɗana kar ka saya. Nasan wacce ka gani, roba ce zalla, injin cikinta baya juyawa daidai, za kaji muryar mutum tana karkarwa kamar mai jin sanyin hunturu, wani lokacin ma ta tauna maka zaren, kuma kaset ɗin da ya haura shekara 30 ba kullum yake bada dama sau biyu ba.

Bari in fara gaya maka abin da ke hannunka don ka riƙe shi da mutunci. Red Alert DJ ne da ya fara aiki a gidan rediyon Kiss FM 98.7 na New York a 1983, shi da Mr. Magic na WBLS wanda Marley Marl ke juya masa faifai su ne ke gogayya a daren Juma'a da Asabar, yara na zaune gaban rediyo da yatsa akan madannin rikodin. Su kuma Stretch Armstrong da Bobbito a gidan rediyon jami'ar Columbia suke, WKCR 89.9, daga 1990 zuwa 1998, daren Alhamis ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba, lokacin da duk mai hankali yana barci. A nan Nas da Biggie da Wu-Tang suka riƙe makirfo tun duniya bata gama sanin su ba, a nan kuma Big L da Jay-Z suka yi karon nan nasu na 1995, shekara guda kafin Jay-Z ya fitar da faifansa na farko. Kaga yawancin abin da ya rage na waɗannan darare daga kaset ɗin mutane irin yayanka ne.

Abin da kake buƙata dek ne, wato injin kunna kaset, na gaske, irin na falo mai ƙofa a gaba, Technics ko Sony ko Pioneer ko Yamaha, in Allah ya ciyar da kai ka faɗa kan Nakamichi toh ka yi sadaka. Zagaya wajen masu kayan hom-yus, wato gwanjon waje, ka tambayi tsofaffin masu gyaran rediyo a Zongo Lane, su suka san wanda ya ajiye. Amma kafin ka jona shi a wuta juya bayansa ka karanta, in daga Amurka ya fito 120 ne wutarsa, tamu 230 ce, ba taransifoma mai rage wuta sai dai kaji ƙauri. Kuma kusan duk tsohon dek bel ɗinsa ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo, mai gyara ya canja maka, ba wani abin tsada bane. Ka samu sifirit mai ƙarfi na kemis da auduga mai tsinke ka goge hed ɗin, wato ƙarfen da ke karanta sautin zare, da ɗan sandan ƙarfen nan da ke jan zare, ka goge robar tayar da ke matse shi har sai audugar ta daina fitowa ja. Sannan ka gwada da kaset ɗin da ko ya lalace ba za ka yi kuka ba.

Kowane kaset kafin ya shiga dek ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa, in ka ɓalle su ko hannunka ya faɗa kan jan madannin rikodin bazai goge komai ba. Leƙa ƙasa tsakiya inda zaren ke wucewa, akwai ɗan soso ƙarami akan ɗan ƙarfe, shi ke danna zare jikin hed, sau da yawa gam ɗinsa ya bushe ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dishe. Ka tura kaset ɗin gaba har ƙarshe ka dawo da shi baya sau ɗaya don zaren ya warware. In kaga an rubuta C120 ka lallaɓa shi, zarensa ya fi na C60 da C90 siriri, saurin tsinkewa gare shi.

Daga bayan dek akwai ramuka biyu ja da fari, daga nan waya za ta tafi cikin ɗan akwatin sauti mai USB, irin Behringer UCA202 ya isheka, shi kuma ya shiga laftof. Kar ka soka a ramin makirfo na laftof, zai haɗe maka kunne biyu ya zama ɗaya kuma ya fasa sautin. Sauke manhajar ɗaukar sauti Audacity, kyauta ce, ka saita ingancin ɗauka a 44.1 kHz, ka duba kar ƙarar ta wuce wajen -6 a ma'auni, ka danna rikodin ka bar gefen A ya tafi tun daga shurun farko har ya tsaya da kansa. In dumso, wato ɗauke wuta, ya katse ka a tsakiya ka sake gefen daga farko kawai, kar ka tsaya ɗinki. Ka ajiye a fayil irin WAV da ba a matse shi ba, minti ɗaya na cin kusan mega 10, wato C90 guda ya kusa mega 900, in wuri ya yi maka kaɗan ka maida FLAC ya rage kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. MP3 ɗin da za ka sa a waya daga wannan uwar za ka cire shi, uwar kuma ta zauna a wuri biyu, ɗayan kar ya zama a gidanku.

Sai abu ɗaya da mutane da yawa basu sani ba. Kusa da hed akwai ɗan sukuru, yawanci in ka cire murfin ƙofar dek za ka ganshi, shi ke karkata hed ɗin. Kaset ɗin da aka ɗauka da wata rediyo a Bronx ba lallai karkatarsa ta zo ɗaya da dek ɗinka ba, shi yasa za kaji kamar an rufe sifika da bargo. Sa hedfon, kunna kaset, juya sukurun a hankali kaɗan kaɗan dama da hagu, inda kaji "s" ɗin mai magana da ƙarar faranti sun fito tar toh nan ne, ka tsaya. Kowane kaset da nasa. Madannin Dolby mai rage shuuu na kaset kuma ka barshi a kashe sai in an rubuta a jiki da shi aka ɗauka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya iyali. Ni nawa ba na Amurka bane, ina budurwa ni nake ɗauka da kaina daga rediyo lokacin da FM suka fara yawa a Accra, shirin rap na ƙarshen sati da na gaishe-gaishe, sunkai 20. Yarona yace Mama zubar da su duk waƙoƙin nan suna YouTube kuma naki ma surutun mai gabatarwa da talla sun cika su. Da gaskiyarsa? Daga ƙanwarka a Madina.

AMSA: Hajiya ki gaida min yaron ki ce Kawu yace ya yi rabin gaskiya. Waƙoƙin kam suna intanet, sun ma fi naki tsabta. Amma surutun da tallan da yake rainawa su ne dukiyar, kuma in za ki bi tawa, kaset ɗinki sun fi na ɗan Nima da ke sama wuyar samu. Darare irin na Stretch da Bobbito mutane da yawa ne suka ɗauka a New York, masu tarawa a Ingila da Jamus da Japan sun daɗe suna musayarsu, har fim an yi akan shirin a 2015. Namu fa? Wa ya ajiye?

Ki tuna yadda abin yake. Kafin 1994 GBC, rediyon gwamnatin Ghana, ce kaɗai a sama. Ƙarshen 1994 Dr. Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye 'yan sanda suka je suka kwashe kayan, sai 1995 Joy FM ta fito da lasisi, daga nan ƙofa ta buɗe, Vibe, Groove, Kumasi ma su Luv da Kapital. Daidai wannan lokacin ne Reggie Rockstone ya fara rap da yaren Twi, salon da ake kira hiplife, ya fitar da Makaa Maka a 1997, Obrafour ya biyo da Pae Mu Ka a 1999, yaranmu na Nima VIP suna cusa Hausa a ciki har suka zo suka lashe kyaututtukan waƙa na Ghana a 2004. Faifan waɗannan duk ana samu. Abin da ba a samu shi ne daren da wani yaro da ba wanda ya sani ya shigo sitidiyo aka kunna masa kiɗa ya yi ta zubowa minti uku, ko yadda DJ ke ɗora sabuwar hiplife akan kiɗan Amurka don mutane su saba, ko mai kira a waya yana gaida duk 'yan bes ɗinsu, wato majalisar samari, na Maamobi ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu. Ba kowane gidan rediyo ne ya adana shirye-shiryensa na wancan zamani ba, kaset tsada gare shi, sai a goge a sake ɗauka a kai. Saboda haka yana yiwuwa wani daren a duk duniya a adakarki kaɗai ya rage.

Kuma tallan nan shi zai gaya miki shekara in baki rubuta ba. In kika ji ana cewa kaya sidi dubu 50 ko dubu 200, kafin Yulin 2007 ne da aka yanke wa kuɗin Ghana sifiri huɗu. In lambar wayar ofis ta fara da 021 kafin 2010 ne. In ana tallan layin waya na Spacefon toh bai koma Areeba ba tukun balle MTN ta 2007. In mai gabatarwa na jimamin 2Pac Satumbar 1996 ce, in Biggie ne Maris 1997, in ana ihun ƙungiyar ƙwallo ta Hearts of Oak ta ci kofin zakarun Afirka ƙarshen 2000 ne, in kuwa kika ji an tsaida kiɗa ana ta'aziyyar waɗanda suka rasu a turmutsutsun filin ƙwallon Accra toh bayan 9 ga Mayun 2001 ne, mu 'yan Nima ba sai an tuna mana wannan ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da labarai na minti biyu da talla ɗaya sai ki kusa cafke watan.

Don haka ki sa yaron nan aiki tunda shi ne ɗan boko, ya bi abin da na faɗa a sama, amma ki tsaya a kansa kar ya yanke komai, nasan halinsu, zai ce bari in cire surutu in bar waƙa. Ya ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya da takardar ciki mai rubutun hannunki. Ke kuma ki zauna ki faɗa masa abin da kika tuna yana rubutawa, wace tasha, wace rana a sati, wa ke gabatarwa, a wane gida kike lokacin. In an gama ku leƙa Jami'ar Ghana da ke Legon, a Cibiyar Nazarin Afirka akwai ma'ajiyar sauti mai sunan Farfesa Nketia, a wani wurin daban akwai kuma ta Bokoor da Farfesa John Collins ya kafa, ku tambaya ko za su karɓi kwafi.

TAMBAYA: Kawu ruwa ya taɓa shiga ɗakinmu, yanzu naga wani farin abu kamar gari a jikin zaren ta tagar kaset. In hura in kunna? Daga Alajo.

AMSA: Kar ka hura, kar ka kunna, kar ma ka kai hanci. Fumfuna ce, tana cutar da ƙirji, kuma in ta shiga dek duk kaset ɗin da ya biyo baya ya ɗauka. Ware masu farin daban, sa su a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka barsu 'yan makonni a inuwa, ba a rana ba, ba kan firij ko kusa da sifika ba don maganaɗisu na cin sauti. In sun bushe ka fita tsakar gida da takunkumi, kwance sukuru biyar ɗin, ka dinga juya zaren da biro yana bi ta cikin ƙyalle mai laushi mara gashi, sannan ka maida shi cikin wani gidan kaset mai tsabta. In ya tsinke akwai salatif na musamman na haɗa zare, na kanti gam ɗinsa na tsatsowa ya manne na kusa da shi. Wanda laka ta shiga ya dunƙule kuwa kar ka ja da ƙarfi, ajiye shi gefe ka fara ceton masu rai.

TAMBAYA: Kawu muna da guruf a WhatsApp na masu son tsohon rap. Akwai wani a cikinmu yanada kaset na wata gasar rap da aka yi a unguwa tun muna samari, yace bazai saki ba sai kowa ya tura masa momo, wato kuɗi ta waya, kuma ɗan guntun da ya sako duk bayan sakan 20 sai kaji muryarsa yana kiran sunansa a kai. Wasu sunce haƙƙinsa ne wasu sunce rowa ce har an fara zage-zage. Kuma ni inaso in buɗe shafi in dinga ɗora nawa, doka za ta kama ni? Daga Sabon Zango.

AMSA: Ɗan'uwa ku daina zagin, mutumin nan ya yi abin da ku baku yi ba, ya ajiye. Ya tsare kaset daga gara da damina da ƙaura daga haya zuwa haya, in ya sayi dek ya biya mai gyara ya ɓata dare yana ɗauka, ku haɗa masa kuɗin wahalarsa, wannan ba roƙo bane. Amma inda na rabu da shi biyu ne. Muryoyin da ke ciki ba nasa bane, na yaran da suka hau dandamali ne, wasu suna nan da ransu suna tuƙa trotro, bas ɗin haya, ko suna Italiya, wasu sun riga mu gidan gaskiya 'ya'yansu basu taɓa jin muryarsu ba. Sannan kiran suna akan sauti ɓarna ce. Eh nasan zai ce ai DJ Clue ma haka yake ihu akan nasa, toh Clue mikstef ɗinsa ne shi ya haɗa, ihun na cikin aikin, mutumin naku kuwa abin tarihi aka bashi amana. Ya sa sunansa a sunan fayil, ya sa a bayanin ƙasa cewa daga ajiyar wane, duk mai tura wa gaba ya bar sunan, wanda ya goge sunan ku cire shi daga guruf. Ku gaya masa kuma kaset ba ya jira, in ya ci gaba da ja-in-ja wata rana zai buɗe ya tarar da irin na ɗan Alajo.

In za ku tura a WhatsApp ku tura a matsayin dokumen, kar wani ya kunna a sifika ya ɗauka da bois not, na sha jin irin wannan har da kukan akuya a baya.

Maganar doka, ni ba lauya bane amma ga yadda take a fili. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ita ce Act 690 ta 2005, kwafi don amfanin kanka a gida daban, sayarwa daban. Waƙoƙin da ke cikin mikstef suna da masu su ko da DJ ya cakuɗa su, shirin rediyo ma gidan rediyon na da haƙƙi a kai, masu karɓar kuɗin mawaƙa a nan kuma GHAMRO ne. Ko a Amurka inda kamfanoni da kansu ke ba DJ sabbin waƙoƙi ya tallata musu, a Janairun 2007 'yan sanda sun dira sitidiyon DJ Drama a Atlanta suka kama shi da Don Cannon suka kwashe dubban CD. Saboda haka kar ka buɗe kasuwa da kayan mutane. In ɗorawa ce don tarihi, Mixcloud ya fi dacewa da doguwar haɗaka don suna da yarjejeniya da masu waƙa, YouTube na'urarsu na gane waƙa ta toshe ko ta kashe sautin wani wurin, Internet Archive kuma na karɓar fayil ɗin yadda yake ba matsewa. Ka rubuta komai a ƙasa, tasha, shekara, wanda ya ɗauka. In mai abu ya ce sauke, ka sauke ba gardama. In kuma gasar unguwa ce irin taku, ku nemi waɗanda ke ciki tukun, wani yanzu limami ne ko yana neman kujerar asambuli, bazai so baitin da ya yi yana ɗan 17 ya fito ba shiri ba.

TAMBAYA: Kawu baabana Allah ya jiƙansa ya kan kwashe min kaset ya ɗora tafsirin azumi a kai. Akwai manhajar da za ta dawo da rap ɗin da ke ƙasa? Daga Ashaiman.

AMSA: Amin ya Allah. Babu ɗana, duk wanda yace maka akwai kuɗinka yake so. Cikin rikoda akwai hed na gogewa da zare ke fara bi ta kansa kafin ya isa na ɗauka, abin da ya wuce ta nan ya tafi. Sai dai ka saurari ƙarshen kowane gefe, in malam ya shafa fatiha kafin zare ya ƙare za kaji tsohon abin ya ɓullo, wani lokacin ma gefen B gaba ɗaya baaba bai taɓa shi ba.

Tafsirin kuma kar ka raina shi. Malaman zango na shekarun 80 da 90 da yawa ba wanda ya ɗauke su sai irin baabanka da ya ajiye rikoda gaban lasifikar masallaci. Ka ɗauke shi da dek ɗin nan dai, saiti ɗaya, ka tambayi dattawan unguwa su gane maka muryar malamin da mai jan baƙi da masallacin, ka rubuta a sunan fayil, sannan ka kai wa iyalan malamin kwafi a filas.